Yadda Ake Auna Karatun Yara a Farkon Firamare: Jagora ga Malamai da Iyaye

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen ajin 'yan aji ɗaya da hantsi ya san wannan amon. Malam ya nuna allo da sanda ya ce "ba", yara saba'in su amsa "ba" da murya ɗaya, ya ce "bi", su ce "bi", har ajin ya ɗauki sauti kamar ana rera waƙa. Mai wucewa zai ce karatu ya kankama. Amma idan aka zare yaro guda daga cikinsu, aka zauna da shi a gindin bishiya, aka nuna masa wannan "ba" ɗin a kan wata takarda dabam, sau da yawa sai a ga ya yi tsuru yana kallon bakin malam, yana jiran a faɗa ya maimaita. Abin da yake yi a aji bin muryar 'yan'uwansa ne, kuma muddin ana karatu a taron murya, ba mai gane haka sai ya kai aji huɗu ko biyar, lokacin da gyaran ya yi nauyi.

Wannan shi ne dalilin da ya sa auna karatun yaro yake buƙatar a zauna da shi shi kaɗai. Hanyar da za a bayyana a nan ta ginu ne a kan ma'auni biyu da aka daɗe ana aiki da su. Na farko shi ne wanda aka fi sani da EGRA, wato awon karatun azuzuwan farko, wanda cibiyar RTI ta Amurka ta tsara a shekarar 2006 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka (USAID) da Bankin Duniya, aka kuma yi amfani da shi da harshen Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato, inda sakamakon farko ya nuna cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga gajeren labari ba. Na biyu shi ne ma'aunin ASER da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fara amfani da shi a 2005, wanda ya fi sauƙi da sauri, kuma a kansa aka gina tsarin koyar da yaro daidai da matakinsa da aka gwada a wasu jihohin Arewa, ciki har da Kano da Borno. Malamin aji ba ya buƙatar kwamfuta ko wata takarda daga hukuma kafin ya yi wannan aiki. Yana buƙatar kwali, fensir, agogon wayarsa, da haƙuri.

Mataki na farko: shirya kayan awo

A tanadi takardu huɗu, kowacce an rubuta ta da manyan haruffa masu tsabta, da baƙin alƙalami a kan farar takarda: ta haruffa, ta gaɓoɓi, ta kalmomi, da ta gajeren labari. Kowace takarda a yi mata kwafi biyu, ɗaya a gaban yaro, ɗaya a hannun malam don yin alama. Abu mafi muhimmanci a nan shi ne kada a ɗauko komai daga littafin da ake karantawa a aji, domin yaranmu suna da ƙarfin hadda ƙwarai, kuma yaron da ya ji shafi sau ashirin zai iya kawo shi daga farko har ƙarshe alhali littafin yana kife a hannunsa.

A takardar haruffa, a cakuɗa su, kada a jera su a, b, c. A haɗa manya da ƙanana. A tabbata an saka haruffan da suka keɓanta da Hausa, wato ɓ, ɗ, ƙ da 'y (wanda ake rubutawa ƴ a Jamhuriyar Nijar), da kuma tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts, kw, gw, ky, gy, ƙw da ƙy. Kada a saka p, q, v da x, domin ba sa cikin abacadan Hausa, kuma saka su zai sa a hukunta yaro a kan abin da ba a koya masa ba. Tsarin EGRA yana amfani da haruffa 100 a layuka goma, ana maimaita waɗanda suka fi yawa a harshen. Ga malamin aji, ko hamsin sun wadatar.

Ina ba da shawarar a rubuta takardun da hannu idan na'urar da ke kusa ba ta fitar da haruffa masu lanƙwasa. Na sha ganin takardar gwaji da aka buga a shagon kwamfuta, aka mayar da "ƙafa" ta koma "kafa", aka mayar da "ɗaga" ta koma "daga", sannan aka zo ana ɗora wa yaro laifin kuskuren da mai bugawa ya yi.

Mataki na biyu: wuri, lokaci, da kwantar da hankalin yaro

Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, alhali shi yake yanke ko sakamakon zai zama gaskiya. A zaɓi wuri mai haske da ba hayaniya, a inuwa ko a baranda, inda ake iya hango malam da yaro amma sauran yara ba sa jin abin da ake faɗa, don kada na baya su haddace amsa. A yi da safe, kafin rana ta yi zafi kuma kafin yunwa ta kama yara. A ajiye bulala nesa, inda yaro ba zai gan ta ba. Malam ya zauna a gefen yaro, a kan tabarma ɗaya ko benci ɗaya, kada ya tsaya a kansa.

A fara da hira. A tambaye shi sunansa, da wasan da ya fi so, da ko suna da dabbobi a gida. Sannan a gaya masa gaskiyar abin da za a yi, da kalmomi irin waɗannan: "Ɗana, yau za mu yi ɗan wasan karatu ni da kai. Ba jarrabawa ba ce, ba wanda zai doke ka, kuma ba zan gaya wa kowa a aji ba. Abin da ka sani ka faɗa, wanda ba ka sani ba mu wuce." Idan yaro ya ƙi, ko ya fara kuka, a bar shi sai wani lokaci.

A tuna cewa tarbiyyar gidajenmu tana koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, ya yi magana ƙasa-ƙasa, kuma wannan kunyar ta fi yawa ga 'ya'ya mata idan mai tambayar namiji ne baƙo. Shirun kunya dabam, shirun rashin sani dabam, kuma malamin da bai bambance su ba zai rubuta sifili a gaban sunan yarinyar da ta iya karatu. Inda akwai malama, ya fi kyau ita ta zauna da irin waɗannan yara. A cikin hirar nan ne kuma za a gano harshen da ake yi a gidansu. Yaron da ya tashi da Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci, wanda Hausarsa ta wasa ce da ta kasuwa, yana iya haɗa haruffa daidai amma ma'anar ta kuɓuce masa, kuma dole a rubuta wannan a gefen sunansa tun kafin a fara.

Mataki na uku: fahimtar abin da aka ji

Kafin a nuna wa yaro ko harafi ɗaya, a karanta masa gajeren labari mai jimla huɗu ko biyar, sau ɗaya, a natse, sannan a yi masa tambayoyi uku zuwa biyar. Ana fara da wannan ne saboda dalili biyu. Kusan kowane yaro yana iya amsawa, don haka yana shiga sauran aikin da ƙwarin gwiwa. Sannan amsarsa ita ce za a riƙa komawa gare ta daga baya: idan ya fahimci labarin da aka karanta masa amma ya kasa wanda ya karanta da kansa, matsalar tana wajen haɗa haruffa, idan kuwa ya kasa duka biyun, sai a duba harshe ko kunne.

Mataki na huɗu: sanin littafi da jin sautuka

Ga 'yan ajin share fage da sababbin shiga aji ɗaya, a miƙa wa yaro littafi a juye, a ga ko zai gyara riƙonsa. A ce ya nuna inda ake fara karatu, da inda ake nufa, da inda ake komawa idan layi ya ƙare. A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Yara da yawa sun fara makarantar allo ko Islamiyya kafin boko, sun saba da rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu. Idan irin wannan yaro ya ɗora yatsa a dama, kada a ɗauka bai san komai ba. Ya riga ya san cewa alama a kan allo tana ɗauke da sauti, ya san baƙi yana buƙatar wasali, musamman idan ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru. Wannan jari ne babba, kuma abin da ya rage kawai a nuna masa cewa boko ta hagu yake farawa.

Bayan haka sai a gwada kunnensa ba tare da takarda ba. A ce ya tafa hannu ga kowace gaɓa: "ma-ka-ran-ta" tafi huɗu, "gi-da" tafi biyu. A tambaye shi sautin da ke farkon "masara" ko "sanda". A faɗi kalmomi uku, "rago, rami, tudu", a ce wacce ce ta fara da sauti dabam. A gwada kalmomi goma kawai. Yaron da bai iya jin cewa "rago" da "rami" farkonsu ɗaya ne ba zai sha wahala wajen gane dalilin da ya sa ake rubuta su da harafi ɗaya.

Mataki na biyar: haruffa da sautukansu

Yanzu za a fara amfani da agogo. A ɗora takardar haruffa a gaban yaro, a yi masa misali da haruffa biyu ko uku waɗanda ba a lissafa su, sannan a ce ya fara daga layin sama yana nunawa da yatsa. Ana ba shi daƙiƙa 60. Duk harafin da ya kuskure a ja masa ɗan layi a takardar malam, ba tare da an nuna a fuska ba. Idan ya gyara da kansa, a lissafa daidai ne. Idan ya tsaya ya yi shiru har daƙiƙa uku, a nuna na gaba a ce "ci gaba", a lissafa wanda ya tsallake kuskure. Idan ya kasa dukan layin farko, a tsayar da wannan sashe cikin ladabi, a ce "na gode, mu ga wani", domin ba amfanin a bar yaro yana zufa a kan abin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da ake nema shi ne sautin harafi. Wannan wuri ne da ake samun ruɗani mai yawa, saboda yara da dama an koya musu waƙar abacadan Turanci, suna kiran a da "e", suna kiran e da "i", suna kiran i da "ai". Yaron da ya ga "bi" ya karanta "bi-ai" ya san sunayen haruffa da Turanci, amma wannan sanin ba zai kai shi ga karanta "biri" ba. A rubuta irin wannan kuskure dabam, domin maganinsa dabam ne da na yaron da bai taɓa gane harafin ba. Haka kuma a lura da masu kiran harafin c da sunansa na Turanci, alhali a Hausa yana ba da sautin farkon "ciki" da "cokali".

Kada a tsaya ga lissafin adadi kawai, a duba waɗanne haruffa ne suke kayar da shi. Rikita b da d abu ne da ya zama ruwan dare ga masu fara karatu a ko'ina, amma a Hausa abin ya ninka, domin akwai b, d, ɓ da ɗ, huɗu masu kama da juna, ga kuma k da ƙ. Idan rabin aji suna faɗuwa a kan waɗannan, to darasin mako mai zuwa ya riga ya fito da kansa.

Mataki na shida: gaɓoɓi da kalmomi

A ganina nan ne zuciyar awon karatun Hausa, kuma idan lokaci ya ƙure, gara a rage wani sashe a bar wannan. Rubutun boko na Hausa yana tafiya kusan yadda ake furuci, kuma gaɓoɓin harshen ba su da yawan siffofi: baƙi da wasali kamar "ka", baƙi da tagwan wasali kamar "kai" da "kau", ko baƙi da wasali da wani baƙin kamar "kan" da "kar". Yaron da ya iya haɗa waɗannan ya kama hanyar karanta kusan kowace kalma. Wanda bai iya ba kuwa, ko ya san haruffa duka, yana tsaye ne a bakin ƙofa.

A jera gaɓoɓi a cakuɗe, kada a bi tsarin ba, be, bi, bo, bu, domin wannan jerin waƙa ce da kowane yaro ya haddace. A fara da masu sauƙi irin su ma, to, ri, sannan a shigo da ɗa, ƙo, tsi, shu, sannan kwa, gya, ƙwai, sannan masu rufaffen baki irin su tam, gar, sun. Ka'idojin agogo su ne dai na baya. A saurara da kyau a ji yadda yake yi: akwai mai faɗin gaɓar kai tsaye, akwai mai cewa "m, a" sannan ya haɗa "ma", akwai kuma mai faɗin "m, a" ya tsaya nan, ya kasa haɗawa. Waɗannan yara uku ne a matakai uku, ko da adadin da suka samu ya yi kusa.

Daga nan sai kalmomi, kuma iri biyu ake so. Na farko kalmomin yau da kullum, kamar gida, ruwa, kaza, tuwo, ƙofa, tsuntsu, makaranta. Na biyu kalmomin ƙirƙira waɗanda ba su da ma'ana amma sun bi tsarin Hausa, kamar tebu, mofi, ziɗo, ɓeku, nelu. Wasu malamai sukan yi mamakin wannan, su ce don me za a ba yaro abin da ba magana ba. Dalilin shi ne kalmar ƙirƙira ba ta haddatuwa kuma ba ta cankuwa. Yaron da ya saba ganin siffar "makaranta" a jikin allon ƙofar makaranta zai iya faɗinta ba tare da ya karanta ba, amma "ziɗo" sai wanda ya haɗa harafi da harafi. A gaya wa yaro tun farko cewa waɗannan kalmomin wasa ne, don kada ya riƙa juya su zuwa kalmomin da ya sani. Kafin a yi amfani da su kuma, a karanta wa wani malamin ɗan garin, domin abin da ba kalma ba ne a Kano yana iya zama kalma a Gobir, wataƙila ma wadda ba ta dace da kunnen yaro ba.

A nan ne ya kamata a yi maganar karin harshe. Yaro ɗan Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi da ya ga "fara" ya ce "hwara", ko ya ga "fita" ya ce "hita", ya karanta daidai. Ya gane harafin, ya furta shi yadda ake furtawa a gidansu. Ana auna ko ya iya karatu ne, kuma koyon daidaitacciyar Hausa aiki ne na wani darasin.

Mataki na bakwai: karanta labari da fahimtarsa

Wanda ya karanta kalmomi, sai a ba shi gajeren labari mai kalmomi 50 zuwa 60, da gajerun jimloli, a kan abin da ya sani a rayuwarsa. Ga misali mai kalmomi 55, wanda malam zai iya kwaikwayon tsarinsa ya rubuta nasa:

"Talatu tana da akuya. Sunan akuyar Fara. Wata rana Fara ta tsinke igiya ta fita. Talatu ta duba bayan gida, ba ta gan ta ba. Ta tafi bakin rafi tana kiran ta. Can sai ta ji kuka a gonar Baba. Fara tana cin ganyen wake. Talatu ta kama ta, ta ɗaure ta da sabuwar igiya."

A kunna agogo daidai lokacin da ya furta kalmar farko. A ja layi a kan duk kalmar da ya kuskure ko ya tsallake, idan daƙiƙa 60 ta cika a sa alama a inda ya tsaya. Lissafin ba wuya: idan ya kai kalma ta 40 da kuskure shida, ya karanta kalmomi 34 daidai a minti ɗaya. Idan kuma ya gama kafin lokaci, a ninka kalmomin da ya samu daidai da 60, a raba da daƙiƙoƙin da ya ɗauka. Wanda ya gama labarin nan a daƙiƙa 45 da kuskure huɗu ya samu 51, a ninka da 60 a raba da 45, ya zama 68 a minti.

Ana auna sauri ne saboda yaron da yake ɓata duk ƙarfinsa wajen tono kowace gaɓa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Sai dai kada a ce wa yaro ya yi sauri, a ce ya karanta yadda zai iya da kyau. Kada kuma a ɗauko adadin da ake nema ga yaran Turanci a ɗora wa mai karanta Hausa, domin tsawon kalmomi da tsarin rubutun harsunan ba ɗaya ba ne. Idan hukumar ilimin jiha ta ba da ma'auni, a bi shi. Idan babu, a gwada yaro da kansa, wato abin da ya samu yau da abin da zai samu bayan zango guda.

Akwai wata alama da kunnen Bahaushe kaɗai zai kama. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke rubutu ɗaya, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Mai karatu yana zaɓar furucin da ya dace ne daga ma'anar jimla. Saboda haka idan yaro ya iso "ta ji kuka a gonar Baba" ya furta ta da karin kukan dabba, wannan shaida ce cewa yana bin labarin. Idan ya furta ta da karin bishiya bai ko tsaya ba, to yana fitar da sautuka ne kawai, ma'anar ba ta tare da shi. Ina ba da shawarar a saka irin wannan kalma guda da gangan a kowane labarin gwaji.

Bayan ya gama, a ɗauke takardar a yi tambayoyi, amma a kan iyakar inda ya karanta kaɗai. Mene ne sunan akuyar? Ina Talatu ta fara dubawa? A ina ta same ta? Me take ci? Ta ƙarshe kuma ta zama wadda amsarta ba ta fito fili a labarin ba: me ya sa Talatu ta ɗaure ta da sabuwar igiya? Yaron da ya ce "don tsohuwar ta tsinke" ya haɗa farkon labari da ƙarshensa. A al'adar wannan awo, amsa huɗu daga biyar ita ake ɗauka a matsayin fahimta.

Idan da sauran lokaci, a yi masa shifta ta kalmomi uku zuwa biyar, kamar "ƙasa", "ɗaki" da "tsintsiya". Rubutu yana tona abin da karatu yake ɓoyewa, musamman lanƙwasar haruffa da raba kalmomi.

Mataki na takwas: karanta sakamako da aiki da shi

A buɗe littafi guda na musamman, kowane yaro da layinsa: suna, shekaru, harshen gida, kwanan wata, adadin kowane sashe, da fili mai faɗi na bayani. Wannan filin ya fi lambobin amfani. "Yana rikita ɗ da d", ko "tana sanin haruffa, ba ta haɗawa", ya fi gaya wa malam abin yi fiye da a rubuta 12 kawai.

Daga nan a raba yara zuwa rukuni biyar yadda ma'aunin ASER ya yi: wanda bai fara ba, mai haruffa, mai kalmomi, mai sakin layi, da mai labari. A wannan ma'auni ana ba yaro haruffa ko kalmomi biyar, idan ya samu huɗu ya haye matakin, a sakin layi da labari kuma ana yafe masa kuskure har uku. Ga Hausa ina ganin ya dace malam ya lura da masu gaɓa a tsakanin masu haruffa da masu kalmomi, domin a nan ne yara da yawa suke maƙalewa. Rukunin nan ba na shekaru ba ne kuma ba na aji ba ne. Ɗan aji uku da bai wuce haruffa ba yana buƙatar darasin haruffa, ko da manhaja ta ce ya kamata yana karanta labari. A ware wani lokaci kowace rana, ko da rabin awa ne, kowane rukuni ya yi aikin matakinsa, kuma duk wanda ya haye a matsar da shi gaba nan take. Kada a kira rukunin da sunayen da za su kunyata yara, kuma kada a karanta sakamako a gaban aji ko a manna shi a bango.

Malamin da ke da yara tamanin zai ce ina lokacin. Cikakken awon yana cin minti goma zuwa goma sha biyar ga kowane yaro, wanda bai fara ba kuwa ba ya kai haka, tunda ana tsayawa da wuri. Idan aka ɗauki yara biyar kowace rana, a kwana goma sha shida na makaranta an gama. Wanda wannan ya yi masa yawa, ya yi gajeren awon ga kowa, wato haruffa biyar, kalmomi biyar da sakin layi, ya ajiye cikakken ga waɗanda suka ba shi damuwa. Shugaban makaranta yana iya taimakawa da wanda zai riƙe aji a wannan ɗan lokacin.

Wasu alamomi suna buƙatar a duba abin da ya wuce darasi. Yaron da yake kai takarda dab da idonsa, ko yake runtse ido, a matsar da shi gaban aji a kuma shawarci iyaye su kai shi a duba idon. Wanda yake juyo da kunne ɗaya, ko yake yawan cewa "na'am?", ko kunnensa yake zubar da ruwa, a duba jinsa. Wanda yake fahimtar duk abin da aka karanta masa, yake zuwa makaranta kullum, amma bayan watanni na koyarwa mai kyau haruffa sun ƙi zama, yana buƙatar ƙarin lokaci da maimaici a ƙaramin rukuni, kuma idan akwai masanin ilimin yara masu buƙata ta musamman a kusa, a nemi shawararsa. Ba aikin malamin aji ba ne ya laƙaba wa yaro sunan wata cuta daga awon minti goma, balle ya kira shi daƙiƙi.

Idan za a gaya wa iyaye, a fara da abin da yaro ya iya, sannan a ba su aiki guda ƙarami da za su iya ko da ba su yi boko ba. Ana iya cewa: "Malam, Talatu ta san haruffanta, yanzu haɗa su muke koyo. Idan da hali, yayanta ya riƙa zama da ita bayan magariba na minti goma, ta karanta masa wannan katin." Tatsuniyar da kaka take yi da dare da kacici-kacici da waƙoƙin wasa duk suna ƙara wa yaro kalmomi da kaifin kunne, kuma yana da kyau a gaya wa iyaye haka, don su san suna da hannu a karatun.

A maimaita awon sau uku a shekara, farkon zangon farko, tsakiyar shekara da ƙarshenta, a wuri iri ɗaya da ka'idoji iri ɗaya. Kowane karo a sake jerin haruffa da gaɓoɓi, a kuma rubuta sabon labari mai tsawo da nauyi daidai da na baya, domin idan aka dawo da labarin Talatu da akuyarta, yaran da suka ji shi a zangon farko za su kawo shi da ka. Idan shekara ta ƙare, a miƙa littafin sakamakon ga malamin ajin da yaran za su shiga, tare da takardun da aka yi amfani da su, don ya san inda kowane yaro ya tsaya tun ranar da aka dawo hutu.